Gudan jini a jijiyar ƙafar yaro: amsa ga wata uwa daga Tahoua

Tambaya: "Likita, ɗana mai shekara 7 yana fama da ciwon ƙoda mai sa kumburin jiki, ya daɗe yana shan magani. Kwanan baya ya yi zawo da amai, aka kwantar da mu a asibiti. Muna can sai ƙafarsa ta hagu ta kumbura ta fi ta dama, yana kuka in an taɓa. Aka yi ekogarafi aka ce jini ne ya daskare a jijiyar cinya, aka soma yi masa allura a fatar ciki safe da dare. Kakarsa ta ce wannan ciwon tsofaffi ne, ba ya kama yara, a kai shi wajen mai ɗori ya murza. Da gaske yara na yin shi? Allurar za ta narkar da jinin? Har yaushe za a yi ta? Kuma mun shirya yi masa kaciya da sanyin bana."

Hajiya, sannu da jinya, Allah ya ba yaro lafiya. Zan fara da abin da ba ya jira: kada a bari kowa ya murza ƙafar nan, ko mai ɗori ko wani na gida, kuma a ɗage maganar kaciya. Dalilan suna zuwa.

Kaka ba ta yi ƙarya ba da ta ce ta fi sanin wannan ciwo ga tsofaffi. Ko a asibiti, ga manya muka fi ganinsa: mai jego, wanda aka yi wa tiyata ya daɗe kwance, dattijo mai ciwon daji. Ga yara ba kasafai ba ne. Wani lissafi da aka yi a ƙasar Kanada, wanda aka wallafa a 1994, ya nuna yara kusan 5 ne cikin kowane 10,000 da aka kwantar a asibiti suke yin sa. Daga baya, a manyan asibitocin yara na Amurka, an ga adadin ya tashi daga 34 zuwa 58 cikin 10,000 tsakanin 2001 da 2007. Ba yara ne suka sake ba. Waɗanda dā suke mutuwa da manyan cututtuka ne yanzu suke rayuwa su daɗe ana jinyarsu, ga robobi a jijiya, ga kuma na'urorin hoto da suka ƙaru har ana gano abin da dā ake wucewa. Rukuni biyu na yara ne abin ya fi kamawa: jarirai kafin su cika shekara, sai kuma ƴan matasa lokacin balaga.

Babban bambanci tsakanin babba da yaro shi ne wannan: babba yana iya yin gudan jini a rasa dalili, amma yaro da wuya ya yi shi haka kawai. Kusan kullum akwai ciwon da ya jawo, sau da yawa ma biyu ko uku ne suka haɗu. Shi ya sa in na ga yaro da gudan jini, ba ƙafar kawai nake dubawa ba, ina neman abin da ya haife shi.

Wani likitan Jamus, Rudolf Virchow, tun tsakiyar ƙarni na 19 ya yi aiki kan wannan, kuma har yau da sunansa ake kiran abubuwa ukun da ke sa jini ya daskare a cikin jijiya: jini ya rage gudu, ko bangon jijiyar ya ji rauni, ko shi kansa jinin ya yi kauri ya zama mai saurin daskarewa. Ki dubi hanyar ruwa a garkar albasa. In ruwan ya yi kaɗan ba ya gudu, ga laka ta yi masa yawa, ga gefen hanyar ya zube, dole wani wuri ya toshe, ruwa ya taru a baya. Jijiyoyin da muke magana a kansu su ne masu mayar da jini daga ƙafa zuwa zuciya, don haka in suka toshe jinin a ƙafa yake taruwa, ta kumbura, ta yi nauyi da zafi.

Ɗanki ya haɗa aƙalla biyu cikin ukun. Irin ciwon ƙodar da kika kwatanta, wanda sinadaran gina jiki ke zuba cikin fitsari har ya yi kumfa, ba albumin, wato babban sinadarin gina jiki da ke cikin jini, kaɗai yake zubarwa ba. Yana tafiya da wani sinadari mai suna antitirombin, wanda aikinsa shi ne taka wa daskarewar jini birki. A lokaci guda hanta tana ƙara ƙera sinadaran da ke daskarar da jini. Sai ga zawo da amai sun janye ruwan da ke cikin jijiya, ko da kuwa a ido jikin ya kumbura. In ana ba shi maganin sa fitsari irin Lasilix, ya ƙara janyewa. Sannan ya kwanta ba motsi. In har an taɓa sokar jijiyar matsematsinsa don ɗibar jini ko sa roba, to ukun sun cika. Kimanin yara 3 cikin 100 masu wannan ciwon ƙoda suna gamuwa da gudan jini, wani a ƙafa, wani a jijiyar ƙodar kanta, wani a kai. Ba sakacinki ba ne, kuma ba wani ya yi masa ba.

Ga sauran iyaye masu karatu, abubuwan da ke jawo shi suna da yawa. Na ɗaya a duniya shi ne doguwar robar da ake zurawa cikin babbar jijiya ta wuya, ko ƙirji, ko matsematsi, ko cibiyar jariri. Ga jarirai, kusan 9 cikin 10 na gudajin jini daga nan suke. A wajenmu ba a cika sa irin wannan roba ba sai a ɗakunan masu tsananin ciwo, don haka abin da ya fi kamata mu sa wa ido shi ne ƙwayoyin cuta da ƙarancin ruwa. Ciwon ƙashi mai ruɓa yakan zo tare da toshewar jijiyar da ke kusa da shi. Kunne mai zubar da mugunya da aka yi wa sakaci, ko sanƙarau, suna iya toshe manyan hanyoyin jini na cikin kai. Ciwon maƙogwaro mai tsanani ga matashi yana iya toshe jijiyar wuya, abin da likitan Faransa André Lemierre ya bayyana a 1936. Sai amosanin jini, wato sikila, da ciwon zuciya na haihuwa, da sankarar jini da wasu magungunanta, da karaya mai sa doguwar kwanciya, da ƙiba, da ƙwayoyin tsarin iyali masu sinadarin estorojin ga ƴan mata. Jaririn da ya bushe da zawo cikin zafin Afrilu da Mayu shi ma yana cikin hatsari.

Yanzu yadda ake gane shi. Kumburin ciwon ƙoda ƙafa biyu yake kamawa daidai, da fuska da safe, kuma ba ya ciwo. Haka ma kumburin tamowa. Abin da ya kamata ya tayar wa uwa hankali shi ne wanda kika gani: gefe ɗaya ya fi ɗaya, ga zafi, fatar ta yi sheƙi ko ta ƙara duhu, wani lokaci ƙananan jijiyoyi su fito raɗau a saman cinya ko mara. Ga fata irin tamu ba a cika ganin jan da littattafan Turawa ke faɗa ba, don haka ni na fi yarda da tafin hannu da awon tela: a auna kaurin ƙwauri da cinya a wuri ɗaya a ƙafafu biyun, a rubuta. Ƙafar hagu ta fi yin sa, domin babbar jijiyarta tana bi ta ƙarƙashin wata jijiya mai bugawa a cikin mara, wadda ke ɗan danne ta.

Amma ido da hannu ba sa yanke hukunci. Ƙurji mai zurfi cikin tsoka, ciwon ƙashi, tashin amosanin jini, karaya, sarar maciji, duk suna iya kama da shi. Abin da ke raba gardama shi ne ekogarafi, musamman mai nuna gudun jini da ake kira Dofla. Mai dubawa yana danna jijiyar da kan na'urar. Lafiyayyar jijiya tana lotsawa ta haɗe, wadda ke da gudan jini kuwa ba ta lotsawa. Ba zafi, ba allura, ba hasken da ke cutarwa, kuma ana iya maimaitawa. Tun da an yi wa ɗanki an gani, ba sauran kokwanto. Ki adana takardar sakamakon, domin da ita za a gwada hoton gaba.

Akwai gwajin jini da ake kira D-dima, wanda ake amfani da shi ga manya don kore zato. Ga yara ba na dogara da shi. Zazzaɓin cizon sauro, ƙwayoyin cuta, amosanin jini, tiyata, duk suna ɗaga shi, kuma yana iya fitowa daidai alhali gudan yana nan. In kuɗi ya yi kaɗan, gara a sa shi a ekogarafi. Gwaje-gwajen da suka wajaba kafin magani su ne ƙidayar ƙwayoyin jini, musamman palaket masu tsayar da zubar jini, da gwajin saurin daskarewa, da aikin ƙoda. Maleriya tana saukar da palaket, don haka in yaro ya yi zazzaɓi yana kan magani, a gwada shi da wuri.

In ana zaton gudan ya tafi huhu, sikana, wato hoton na'ura mai nuna cikin jiki dalla-dalla, ake yi wa ƙirji tare da ruwan da ake zubawa a jijiya. In a kai ake zato, sikana ko IRM, wato hoton da ake ɗauka da maganaɗisu. Irin waɗannan ne kan sa a tura mutum Yamai, zuwa babban asibitin ƙasa, ko na Lamorde, ko asibitin Referans. Tafiya ce ta sama da kilomita 500 ta Konni da Dogon Dutsi da Dosso, kuma ra'ayina shi ne in zaton ya yi ƙarfi, kuma ba abin da ke hana magani, a soma allurar tun a Tahoua kafin a hau mota. Kada a jira hoto yaro yana hanya ba kariya.

Sai tambayarki ta biyu. A'a, allurar ba ta narkar da gudan. Mutane suna ce mata maganin tsinka jini, amma aikinta shi ne ta hana gudan ƙaruwa, ta hana sabo fitowa, ta rage hatsarin wani yanki ya ɓalle ya bi jini zuwa huhu. Narkarwa aikin jiki ne, yana yi a hankali cikin makonni da watanni. Wani ya narke duka, wani ya rage saura manne da bango, wani jijiyar ta toshe ɗungum jini ya buɗe wasu ƙananan hanyoyi ya kewaye. Don haka in an sake hoto bayan wata guda aka ce har yanzu akwai saura, ba maganin ne ya ƙi ba. Wannan kuma shi ne dalilin hana murza: sabon guda bai riƙe bango da ƙarfi ba, ga shi kuma jinin yaron yanzu ba ya saurin tsayawa, matsa mai ƙarfi tana iya sa jini ya taru cikin tsoka.

Akwai maganin da ke narkarwa da gaske, altefilas, amma yana iya jawo zubar jini mai kisa, har a cikin ƙwaƙwalwa. Ana ajiye shi ne don inda rai ko ƙafar ke cikin hatsari, kamar gudan da ya toshe huhu har ƙarfin bugun jini ya faɗi. Ɗanki ba ya cikin wannan sahu bisa abin da kika faɗa.

Allurar da ake yi a fatar ciki sau biyu a yini, mafi yawa enoksafarin ce, wadda aka fi sani a farmasi da Lovenox. Awonta da nauyin yaro yake tafiya: miligiram 1 ga kowane kilo, duk awa 12, ga wanda ya wuce wata biyu da haihuwa. Jaririn da bai kai wata biyu ba miligiram 1.5 ake ba shi ga kilo, domin jikinsa ya fi saurin fitar da ita. Nan akwai wurin da ake yawan kuskure. Sirinjin da ake sayarwa an cika su ne don manya, akwai mai miligiram 20, akwai mai 40, akwai sama da haka. Yaro mai kilo 22 ba zai sha mai 40 duka ba. Ki sa ma'aikacin jinya ya nuna miki da idonki iyakar da za a tsaya, ya rubuta miki a takarda. Kuma tun da nauyin ɗanki yana hawa yana sauka da kumburi, a riƙa auna shi, likita ya gyara awo. Ƙoda ce ke fitar da wannan magani, don haka in aikinta ya ragu yana taruwa a jiki. A gefe guda kuma, da antitirombin yake aiki, wanda muka ce yana zuba a fitsari, don haka ga wasu masu ciwon ƙoda ƙarfinsa yana raguwa. Inda ake da hali ana auna ƙarfinsa a jini awa 4 zuwa 6 bayan allura. Inda babu, sai a dogara da awo na daidai, da duba yaro, da sake hoto.

In a gida za ku ci gaba da ita, ga yadda ake yi. A wanke hannu, a tattaro fata da yatsu biyu a gefen ciki nesa da cibiya kamar faɗin yatsu uku, ko a gaban cinyar da ba ta ciwo, a soka a tsaye, a tura a hankali, a zare, a ɗan danna da auduga ba tare da murzawa ba. Yau dama, gobe hagu. Ɗan tabo mai duhu a wurin ba abin damuwa ba ne. Ki zaɓi lokaci biyu da ba za ki manta ba, misali bakwai na safe da bakwai na yamma. In an manta ɗaya, kada a ninka ta gaba. A ajiye maganin a inuwa mai sanyi, kada a bar shi a mota ko ɗakin kwano da rana.

Allura sau biyu kullum har watanni ba ƙaramin abu ba ne ga yaro, ga kuma tsada. Shi ya sa akan koma maganin sha, kuma iri biyu ne.

Na dā su ne masu hana aikin bitamin K, wanda jiki ke bukata wajen daskarar da jini: warfarin, da wanda aka fi sani a ƙasashen da ke amfani da Faransanci, Sintrom. Asalin warfarin abin mamaki ne. Shanu ne suka riƙa mutuwa da zubar jini a arewacin Amurka da Kanada a shekarun 1920 bayan sun ci ruɓaɓɓiyar harawa, masana a jami'ar Wisconsin suka gano sinadarin, aka fara sayar da shi a matsayin maganin ɓera a 1948, sannan aka amince da shi ga mutane a 1954. Yana da araha kuma yana aiki, amma mai son kulawa ne. Ba ya kamawa nan take, sai an haɗa shi da allura aƙalla kwana 5, har gwajin INR, mai auna jinkirin daskarewar jini, ya shiga tsakanin 2 da 3. Ƙasa da 2 bai kare ba, sama da 3 hatsarin zubar jini yana ƙaruwa. Da farko ana gwajin kusan duk mako. Abinci yana taɓa shi: zogale, alayyahu, kabeji, salati da sauran ɗanyen ganye suna da bitamin K. Ba a hana su ba, kuma ban yarda da masu hana yaro kwaɗon zogale ba. Abin da ake so shi ne kada a yi mako ba a ci ba sannan a wayi gari a cika kwano. Magunguna ma suna taɓa shi sosai. Flagyl da Bactrim suna ƙara masa ƙarfi har jini ya zuba. Rifamfisin na tarin fuka da Gardenal na farfaɗiya suna kashe masa ƙarfi. Ga mai ciwon ƙoda irin na ɗanki, INR yakan yi ta yawo saboda albumin ya yi ƙasa. Ga budurwa ko matar aure kuma, yana lahanta ɗan tayi.

Na zamani su ne ribarosaban, wato Xarelto, da dabigataran, wato Pradaxa. An gwada na farkon ga yara 500 a wani babban bincike da aka wallafa a 2020, aka ga bai gaza tsohon magani ba, kuma a 2021 hukumomin magani na Turai da Amurka suka amince da shi ga yara. Ana soma shi bayan aƙalla kwana 5 na allura, ana ba da shi bisa nauyi, tare da abinci, kuma ba ya bukatar INR. Matsalarsa tsada, da samun awon da ya dace da ƙaramin yaro. Yana kuma ƙara yawan jinin al'ada ga ƴan mata. Ga masu ciwon ƙoda mai zubar da albumin, likitoci da yawa suna taka-tsantsan da shi har sai ciwon ya lafa.

In kika tambaye ni wanne ya fi, sai in ce wanda gidanku zai iya riƙewa har ƙarshe. Ku zauna da likita ku faɗa masa gaskiyar aljihunku da nisan gidanku da wurin gwaji. Wanda ke cikin garin Tahoua kusa da ɗakin gwaji yana iya riƙe Sintrom. Wanda zai koma ƙauye a bayan Keita ko Abalak, inda INR sai an yi tafiyar yini, Sintrom a hannunsa hatsari ne. Kuma magani mai tsada da aka saya na kwana goma aka bari ya fi kowanne muni, domin an kashe kuɗi kuma ba a kare yaron ba.

Har yaushe? Abin da aka saba shi ne wata 3 ga gudan da aka san dalilinsa kuma dalilin ya wuce. A 2022 an wallafa wani bincike kan yara da matasa ƴan ƙasa da shekara 21 wanda ya nuna mako 6 ya isa ga wasu: waɗanda dalilinsu na wucin gadi ne, kuma hoton mako na shida ya nuna jini ya soma wucewa. In ba a gano dalili ba, wata 6 zuwa 12. Amma ɗanki dalilinsa bai wuce ba tukuna. Muddin ƙodar tana zubar da albumin, jininsa yana nan da halin daskarewa. Don haka ki sa rai da aƙalla wata 3, kuma in ciwon ƙodar bai lafa ba a lokacin, a ci gaba. Ki ga ke nan maganin ƙodar, firednisolon ko abin da aka ɗora shi a kai, yana cikin maganin ƙafar. Ranar da kumburin ƙafa ya saɓe, wanda yakan faru cikin mako ɗaya ko biyu, za a sami mai cewa ya warke a daina. Wannan ne lokacin da gudan yake nan daram, kuma masu dainawa a nan su ne ke dawo mana.

Yanzu zaman gida, wanda a ganina ya fi zaɓen magani muhimmanci a wajenmu, domin yawancin zubar jinin da ke faruwa daga abubuwan da aka ɗauka ƙanana ne. Duk wanda zai taɓa yaron nan ya san yana kan maganin hana daskarewar jini. Ki sa a rubuta sunan maganin da awonsa a ƴar takarda ta zauna cikin karnensa na asibiti. Ba allurar ɗuwawu ko ta cinya mai shiga tsoka, ko ta maleriya ce a nemi ta jijiya ko ta sha. Ba asfirin, ba ibufurofen, ba dikulofenak, kuma ba ƙwayoyin masu talla a faranti, domin da yawansu haɗi ne da irin waɗannan. Farasitamol ya isa ga zazzaɓi da ciwo. Ba ƙaho, ba tsaga, ba sakiya, ba cire belu, ba cire haƙori sai likita ya sani. Jiƙe-jiƙe da saiwoyi a dakata da su, saboda ƙodar da kuma maganin. Ki yi wa kaka bayani da lalama, ko ki zo da ita ta ji daga bakin likita. Sau da yawa tsohuwar da aka nuna wa hoton da idonta ita ce ke zama mai tsaron maganin.

Kaciya kuwa ta jira. Ba wanzami ba, ko a asibiti ba a yin aikin da ba na gaggawa ba cikin watanni ukun farko, domin sai an tsayar da magani, kuma tsayarwa a lokacin tana ba gudan dama. In an kammala, ƙoda ta lafa, a yi ta a asibiti da sanin likitan da ke bin sa. Sanyin baɗi yana nan zuwa.

Ba a son ya yi ta kwanciya. Da zarar magani ya kama kuma zafi ya ragu, ya tashi ya yi tafiya, domin naman ƙwauri ne ke tura jini sama. In ya zauna ko ya kwanta a ɗora ƙafar kan matashi. Yana iya komawa makaranta, amma kokawa, langa, hawan bishiya, hawan jaki ko babur ba hular kwano, duk a jingine, kuma a gaya wa malaminsa na boko da na allo kada a doke shi. Ruwan sha gwargwadon yadda likitan ƙoda ya tsara, kuma duk ranar da zawo ko amai ya dawo, a koma asibiti a ranar.

Haɓo yana da yawa lokacin hunturu da bazara. In ya zo, ya zauna ya sunkuyar da kai gaba, a matse tattausan hancin minti 10 ba saki. In bai tsaya ba bayan an maimaita, a tafi asibiti. Waɗanda ba a jira da su ko da tsakar dare su ne: numfashi ya ɗauke ko ya yi sauri farat ɗaya, ciwon ƙirji, tari da jini, suma, baƙin kashi kamar kwalta, aman jini, jan fitsari ko ciwon kwiɓi mai tsanani, ciwon kai mai tsanani da amai, jijjiga, yawan barci, gani biyu, ko wani sashe na jiki ya saki, da duk faɗuwar da kai ya bugu, ko da ya tashi yana wasa.

Wasu iyaye suna tambaya ko gado ne, ko a gwada sauran yara. Akwai na gado. Wanda ya fi shahara an gano shi a birnin Leiden na ƙasar Holan a 1994, yana jikin kusan Turawa 5 cikin 100, amma da wuya a same shi ga baƙar fatar Afirka. Waɗanda ake iya samu a ko'ina su ne ƙarancin furotin C, furotin S, ko antitirombin tun daga haihuwa. Ga ɗanki ban ga amfanin neman su yanzu ba: dalilinsa a fili yake, gwajin yana da tsada, kuma sakamakon ba ya fitowa daidai lokacin da gudan yake sabo, ko ana kan magani, ko ƙoda tana zuba. In akwai ƴan uwa na jini da suka yi irin wannan tun suna matasa, ko mata masu yawan ɓari, ki faɗa wa likita, sai a sake lissafi.

Game da gaba, yawancin yara suna warkewa su koma wasansu. Kimanin ɗaya cikin huɗu yakan rage da ɗan abin da ke biyo baya: ƙafar ta ɗan fi ɗayar kauri, ta yi nauyi da yamma ko bayan doguwar tsayuwa, jijiyoyi su fito. Ga mafi yawansu abin mai sauƙi ne, kuma safa mai matsewa da aka auna daidai ƙafarsa tana rage nauyin. Gyambo ba kasafai yake zuwa ga yara ba. A sake ekogarafi kafin a tsayar da magani, don a san yadda jijiyar ta tsaya, a ajiye hoton. Irin ciwon ƙodarsa yana yawan dawowa, don haka duk lokacin da kumburi ya dawo, ko za a kwantar da shi, ko za a yi masa aiki, ki fara gaya wa likita cewa ya taɓa yin gudan jini a cinyar hagu, domin a duba ko yana bukatar allurar kariya, kuma a kauce wa sokar jijiyar matsematsinsa.